Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Wakilan Ƙasashe A Yarjejeniyar Stockholm: Ku Leƙa Sheƙar Shaho

Ya ku masu girma wakilan ƙasashe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya yi muku jagora a kan nauyin da aka ɗora muku.

Na rubuto ne a kan 'ya'yan tsuntsaye masu farauta, wato 'ya'yan shaho da shirwa da gaggafa da mikiya da mujiya da ungulu, tun suna cikin ƙwai har ranar da za su bar sheƙa. Buƙatata guda ce, kuma gara in faɗe ta tun da fari kada ta nutse cikin dogon bayani. Ku sa lafiyar waɗannan 'ya'yan tsuntsaye cikin ma'aunin da kuke auna aikinku da shi, ku kuma daina jira sai sheƙuna sun zama kango kafin ku yarda cewa wani sinadari guba ne.

Kun fi ni sanin halin sinadarai masu guba da kuka taru a 2001 kuka ƙulla yarjejeniyar hana su ko taƙaita su, yarjejeniyar kuma ta fara aiki a 2004. Ba sa ruɓewa da wuri, iska da ruwa na kai su nesa da inda aka zubar da su, kuma akasarinsu a kitse suke maƙalewa, jiki ba ya iya fitar da su ta fitsari. Ƙwaro ya ci ɗan kaɗan ya ajiye. Ƙaramin tsuntsu ya ci dubban ƙwari ya tara nasu duka. Shaho ya kama ɗaruruwan ƙananan tsuntsaye ya haɗe tarin kowannensu. Haka abin yake a ruwa, daga ƙananan halittu zuwa kifi, daga kifi zuwa mikiya. Wanda ke can ƙololuwa shi ake sauke wa kayan kowa.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne inda wannan tari yake ƙarewa. Idan uwa ta zo yin ƙwai, daga abin da ke jikinta take haɗa gwaiduwa, gubar da ta tara kuwa tana bin kitsen ta shiga ciki. Ke nan abincin farko da ɗan tsuntsu ke ci a duniya, tun bai fasa ɓawo ba, a gurɓace yake. Bayan ƙyanƙyasa kuma sai girma na gaggawa. Ɗan shahon da ake kira feregirin yakan ninka nauyinsa sau 10 cikin mako 3, ya tashi sama yana da kamar mako 6. A cikin waɗannan 'yan makonni ake gina ƙashinsa da ƙwaƙwalwarsa da idonsa da garkuwar jikinsa da gashin fiffikensa, kuma sau ɗaya ake ginin, babu gyara daga baya. Hantarsa ba ta nuna ba balle ta tace guba yadda ta babba ke yi. Adadin da uwa za ta ɗauka ta ci gaba da shawagi lafiya lau, shi ne zai iya karkatar da bakin ɗanta ko ya kashe shi a cikin ƙwai. Duk ma'aunin da aka kafa a kan abin da ke kashe babban tsuntsu ya bar ɗan baya.

Tarihin DDT ya isa darasi, kuma ina so in ɗan tsaya a kansa domin yadda aka gano abin ya fi abin da aka gano muhimmanci. A 1939 Paul Müller ya gano cewa wannan sinadari na kashe ƙwari, a 1948 aka ba shi kyautar Nobel. Kowa ya yi murna, kuma da dalili, domin ya ceci rayuka daga zazzaɓin cizon sauro da cutar da ƙwarƙwata ke yaɗawa. Daga nan aka shiga watsa shi a gonaki da dazuzzuka da fadamu ba ji ba gani. A Birtaniya, masu kiwon tattabarun tsere ne suka kai ƙara cewa shahuna sun yi yawa suna cinye musu tsuntsaye. Aka sa Derek Ratcliffe ya jagoranci ƙidaya a 1961 da 1962, sai aka tarar da akasin ƙarar: shahunan ƙarewa suke yi. A sheƙuna da yawa fasassun ƙwai yake tararwa. Sai ya bi gidajen adana kayan tarihi da masu tara ƙwai, ya auna ɓawon ƙwan da aka ajiye shekara da shekaru. A 1967 ya fitar da sakamako: daga wajen 1947 ɓawon ya sirance kwatsam da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Shekara guda bayan haka Joseph Hickey da Daniel Anderson suka nuna irin wannan a Amurka. DDT idan ya shiga jiki yakan koma DDE, shi kuma yana hana mahaifar tsuntsuwa zuba sinadarin kalsiyam a ɓawo yadda ya kamata. Uwa ta kwanta a kan ƙwanta don ta ɗumama shi, nauyinta ya fasa shi.

Ku dubi tazarar. Ɓarna ta fara a 1947, ba a tabbatar da ita ba sai 1967, Amurka ba ta hana amfani da DDT a gona ba sai 1972. Kafin nan feregirin ya daina haihuwa gaba ɗaya a gabashin kogin Misisipi, mikiya mai farin kai kuma, wadda Amurka ke tinƙaho da ita a tambarinta, ta ragu zuwa ma'aurata 417 a 1963 a jihohi 48 na ƙasar. A tsibirin Morishiyas, ƙaramin shahon ƙasar ya koma guda 4 kacal da aka sani a daji a 1974, DDT na cikin abubuwan da suka kai shi nan. Duk tsawon wannan lokaci mutane na ganin manyan tsuntsaye na shawagi a sama suna zaton lafiya. Mikiya na iya rayuwa shekara 20 ko fiye, saboda haka za ta yi ta komawa sheƙarta kowace shekara tana kwanci a banza, mai kallo daga ƙasa bai san zuriyar ta yanke ba. Sai tsofaffin sun mutu sannan sama ta yi fayau, a fara ihu bayan hari.

Abin farin ciki, hani ya yi aiki. An cire feregirin daga jerin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa a Amurka a 1999, mikiya mai farin kai a 2007. Ina faɗin wannan da zuciya ɗaya domin ku san aikinku ba wasa ba ne, idan kun hana, sheƙuna na sake cika. Amma ku lura da tsawon wutsiyar abin. A gaɓar tekun Los Anjalas, inda wata masana'antar DDT ta yi shekaru tana zuba sharar ta a teku har zuwa farkon shekarun 1970, mikiyoyin tsibirin Katalina ba su iya ƙyanƙyashe ƙwansu da kansu ba sai 2007. Kafin nan masana ne ke ɗauke ƙwan su ƙyanƙyashe a na'ura su mayar da 'ya'yan. Babbar ungulun Kalifoniya da ake kira kondo, wadda ke cin mushen dabbobin teku a yankin Big Sur, an same ta da siraran ɓawon ƙwai shekaru kusan 40 bayan hani. Na san kun bar ƙofa a buɗe don feshin DDT a cikin ɗakuna saboda sauro, kuma ba ni da ja a kan ceton ran yaro daga zazzaɓi. Roƙona a nan shi ne a sa ido sosai kada abin da aka bayar don bangon ɗaki ya ɓulla a gona ko a bakin rafi.

Sunan birnin da yarjejeniyarku ke ɗauke da shi ma yana da alaƙa da wannan batu. A 1966 wani masanin sinadarai a Suwidin, Sören Jensen, yana neman DDT a jikin namun daji sai ya riƙa cin karo da wani abu da bai san shi ba. Ya same shi jibge a jikin wata mikiya mai farar jela da aka tsinta a mace a tsibiran da ke kusa da Stockholm. Abin nan shi ne PCB, man da ake zubawa a taransifoma da wasu kayan lantarki, ake kuma sa shi a fenti. An yi shekaru fiye da 30 ana sarrafa shi babu wanda ya san ya bazu a duniya, gawar tsuntsuwa ce ta tona. A gaɓar Tekun Baltik, Björn Helander ya shafe shekaru masu yawa yana hawa itatuwa yana leƙa sheƙunan waɗannan mikiyoyi, ya rubuta yadda haihuwarsu ta durƙushe a shekarun 1970, ƙwai na bushewa, 'ya'ya na mutuwa a ciki, da yadda ta farfaɗo sannu a hankali bayan an hana DDT da PCB. A yankin Manyan Tafkuna na Amurka da Kanada an sami 'ya'yan tsuntsaye masu cin kifi, har da na mikiya, da baki a harɗe, na sama ya saɓa wa na ƙasa. Ɗan tsuntsun da bakinsa ya harɗe ba zai taɓa yagar nama da kansa ba. Ranar da iyaye suka daina ciyar da shi, yunwa ce za ta ƙarasa shi.

Kun yanka wa kanku wa'adi a kan PCB: a daina amfani da shi a kayan lantarki zuwa 2025, a gama lalata shi ta hanyar da ta dace zuwa 2028. Ƙasashe da yawa na baya ƙwarai a wannan aiki. Tsofaffin taransifomomi na nan suna yoyo a bayan ma'aikatu, abin da ya zuba kuma ruwan sama zai kai shi kogi.

Inda zuciyata ta fi ƙuna shi ne abin da ya biyo baya. Da aka rufe wa tsofaffin guba ƙofa, sai danginsu suka shigo ta taga. Aka kawo PBDE don hana wuta kama soson kujeru da kayan lantarki. Masu sarrafa shi suka ce nau'insa mafi girma ya yi ƙato da yawa, jikin halitta ba zai iya sha ba. A 2004 aka ba da rahoton samun sa a cikin ƙwan feregirin a Suwidin. A Kanada, Kim Fernie da abokan aikinta sun gwada shi a kan ƙananan shahunan da ake kiwo don bincike, da adadi irin wanda ake samu a daji, suka ga ya taɓa sinadaran da ƙwayar maƙogwaro ke fitarwa masu tafiyar da girma, ya taɓa garkuwar jiki da yadda 'ya'yan ke girma. Kun sa wasu nau'o'insa a jerinku na sinadaran da aka hana ko aka taƙaita a 2009, babban nau'in sai 2017. Sannan ga dangin PFAS, da ake sawa a kumfar kashe gobara da tufafi masu hana ruwa da takardun naɗe kaya. Su ba kitse suke bi ba, a jini da hanta suke zama, kuma kusan ba sa lalacewa sam. An same su a jinin 'ya'yan mikiya a gefen kogin Misisipi na sama, an same su a jinin 'ya'yan mikiya da shaho a arewacin Norwe, wurin da ke nesa da manyan masana'antu. Kun sa PFOS a 2009, PFOA a 2019, PFHxS a 2022. Amma dangin nan dubbai ne. Wata ƙidaya ta 2018 ta lissafa fiye da 4,700. Kun fara da sinadarai 12, cikin shekara 20 da ɗoriya kun kai 30 da wani abu. Da irin wannan tafiya, kafin ku gama da ɗaya masana'anta ta sauya masa ɗan gefe ta fito da ƙaninsa da sabon suna. An gudu ba a tsira ba.

Cutar zamanin nan kuma ba ta da hayaniya irin ta DDT. Ba lalle a ga fasasshen ƙwai ba. Ɗan tsuntsu zai ƙyanƙyashe, ya yi gashi, ya tashi, amma da raunin garkuwa, ko ƙarancin nauyi, ko ƙwaƙwalwar da ba ta kai ba. Shekarar farko dama ita ce mafi wuya ga tsuntsu mai farauta, a nau'o'i da yawa rabi ko fiye ba sa ganin ƙarshenta ko da babu guba, domin koyon farauta ba sauƙi gare shi ba. Wanda ya fito da tawaya, ko kaɗan ce, shi zai fara faɗuwa, can cikin daji inda babu mai tsintar gawarsa balle ya auna hantarsa. Ga shi kuma ba guba ɗaya ke jikinsa ba. Ana gwada sinadari shi kaɗai a ɗakin bincike a ce adadin bai kai na cutarwa ba, alhali a jinin ɗan mikiya guda za a tarar da DDE da PCB da PBDE da PFOS da zaiba duk a haɗe. Masu kare kasuwarsu kan fake da wannan cakuɗuwar su ce ba a tabbatar cewa nasu ne ya yi ɓarnar ba. Amsa tana cikin takardarku. Sashe na 8 ya ce rashin cikakken tabbaci na kimiyya ba zai hana a ci gaba da duba shawarar sa sinadari a jeri ba. Sashe na 3 kuma ya ɗora wa ƙasashe masu tsarin tantance sababbin sinadarai alhakin hana fitowar duk wani sabo mai irin waɗannan halaye. Ku ne kuka rubuta, ku yi aiki da shi.

Akwai wasu guba da za ku ce ba sa cikin huruminku. A takarda haka ne. Amma gwamnatocin da suka aiko ku su ne ke zama a Yarjejeniyar Minamata ta 2013 a kan zaiba, su ne a yarjejeniyar kare dabbobi masu ƙaura, su ne suka amince a birnin Bon na Jamus a 2023 da tsarin duniya na kula da sinadarai. Sau da yawa ma ma'aikata ɗaya ce ke aika wakilai duka. Ɗan mujiya bai san wace guba ce ta wane ofishi ba, don haka ku ba ni dama in ambace su.

Maganin ɓera na zamani, irin su burodifakum da buromadiyolon, yana hana jiki sake amfani da bitamin K, jini ya kasa daskarewa. Ɓeran da ya ci ba ya mutuwa nan take, yakan yi kwanaki yana tangaɗi a fili, ya zama ganima mafi sauƙi ga mujiya ko shaho. Iyayen da ke da baki huɗu ko biyar a sheƙa ba za su bar ɓera mai tangaɗi ba, su da kansu za su kai wa 'ya'yansu. Gubar kuwa takan yi watanni a hanta, ana ƙara ta ɓera bayan ɓera. A Birtaniya, inda ake auna hantar fararen mujiyoyin da aka tsinta a mace tun farkon shekarun 1980, waɗanda aka samu da wannan guba sun tashi daga kashi 5 cikin 100 zuwa fiye da kashi 80. A asibitin namun daji na Jami'ar Tufts a Amurka, Maureen Murray ta auna shahuna masu jar jela 43 tsakanin 2017 da 2019, ta same ta a jikin kowane ɗaya. Abin takaicin shi ne waɗannan tsuntsaye su ne masu kama ɓeran kyauta. Iyalin mujiya guda kan cinye ɓeraye fiye da dubu a shekara. Muna kashe mai yi mana aikin da gubar da muka sa don aikin. Kalifoniya ta taƙaita waɗannan magunguna da dokar 2020, lardin Biritish Kolombiya na Kanada ma ya bi sahu. Ashe ana iyawa.

Dalma kuma daga harsashi take zuwa. Harsashin dalma idan ya shiga jikin dabba yakan tarwatse ya zama ƙananan ɓarɓashi masu yawa, maharbi ya ɗauki nama ya bar kayan ciki a daji, mikiya ko ungulu ta sauka ta ci. Ruwan cikin waɗannan tsuntsaye na da tsami ƙwarai, yana narkar da dalmar ta shiga jini ta taɓa jijiya da ƙwaƙwalwa. Binciken da aka fitar a 2022 a kan mikiyoyi 1,210 daga jihohi 38 na Amurka ya nuna kusan rabinsu na ɗauke da alamar daɗaɗɗiyar gubar dalma a ƙashinsu. Kondo, da ya rage guda 22 a duniya a 1982, har yau dalma ce babbar mai kashe shi a daji. Magani na nan a hannu, harsashin tagulla da na ƙarfe. Denmak ta hana harbi da ƙwayoyin dalma tun 1996, Tarayyar Turai ta hana su a fadamu daga 2023. Ita kuwa zaiba, wadda haƙar zinariya ta gargajiya da ƙona kwal ke tura mafi yawanta sama, takan sauka a ruwa ta shiga kifi, ta ƙare a jikin 'ya'yan tsuntsaye masu cin kifi.

Labarin ungulayen kudancin Asiya ya kamata kowane mai ba da lasisin magani ya haddace shi. Maganin ciwon jiki ne mai suna daikulofenak da ake yi wa shanu allura. Idan saniya ta mutu da shi a jikinta ungulu ta ci, ƙodarta ta lalace ta mutu cikin 'yan kwanaki. Tsakanin 1992 da 2007 wani nau'in ungulu mai farin baya a Indiya ya ragu da kashi 99.9 cikin 100. Lindsay Oaks da abokan aikinsa ne suka gano musabbabin a Pakistan, aka wallafa a 2004, a 2006 Indiya da Pakistan da Nepal suka hana amfani da shi ga dabbobi, aka koma ga meloksikam da ba ya cutar da ungulu. Duk duniya ta ji wannan labari. Amma a 2013 Sifaniya, ƙasar da ke da mafi yawan ungulayen Turai, ta ba da izinin sayar da shi don dabbobi. A 2020 aka tsinci gawar ɗan baƙar ungulu a gandun Boumort da ke yankin Kataloniya, gwaji ya tabbatar daikulofenak ne ya kashe shi. Ɗan bana ne, bai daɗe da yin fiffike ba. An yi gargaɗi tun kafin a ba da izinin, ba a saurara ba.

Wata hanyar kuma gubar ba ta ko taɓa ɗan. A Yunin 2019 a arewacin Botsuwana an tarar da ungulaye 537 a mace kusa da mushen giwayen da mafarauta suka barbaɗa wa guba. Lokacin kiwon 'ya'ya ne. Ungulu ƙwai ɗaya take yi a shekara, kuma sai ta kai shekara 5 ko fiye take fara haihuwa. Duk babbar da ta faɗi a wurin nan, mai yiwuwa akwai ɗa a kan wata bishiya yana jiran abincin da ba zai zo ba, kuma shi ba a sa shi cikin lissafin 537 ba. Haka aka yi a Ajantina tsakanin 1995 da 1996, inda maganin fara mai suna monokurotofos ya kashe shahuna masu ƙaura kimanin 20,000 da ya kamata su koma arewa su yi sheƙa.

Za ku lura cewa kusan duk alƙaluman auna jini da hanta da na kawo daga Turai da Arewacin Amurka suke. Dalilin shi ne can ake aunawa. A yawancin Afirka da Asiya da Kudancin Amurka, inda ake jibge tsofaffin kayan lantarki ana ƙona su a fili, inda rumbunan tsohon maganin ƙwari ke ruɓewa, inda ake sayar da abin da aka daɗe da hanawa a ƙasar da ta sarrafa shi, ba kasafai ake hawa bishiya a ɗebi jinin ɗan gaggafa ba. Binciken da aka wallafa a 2024 a kan nau'o'i 42 na tsuntsaye masu farauta a filayen Afirka ya nuna kusan kashi 90 cikin 100 nasu sun ragu. Dalilan na da yawa, akwai sare dazuzzuka da wayoyin lantarki da farauta, amma ba za a san kason guba a ciki ba sai an auna. Rashin alƙaluma a wuri ba shaidar tsabtarsa ba ce.

A ƙarƙashin sashe na 16 kuna da tsarin duba ko yarjejeniyar na aiki, kuma abin da kuke aunawa shi ne iska da nonon uwa da jinin mutum da ruwa. Duk suna da kyau. Amma iska na gaya muku abin da ke yawo ne kawai, ba ta gaya muku abin da yake yi wa mai rai. Ɗan tsuntsu a sheƙa na ba da amsa biyu a lokaci guda, ga adadin gubar, ga kuma abin da ta yi masa. Ya ma fi iyayensa amfani a wannan aiki, domin babba na iya yin rani a wata nahiya ya kwaso gubar can, shi kuwa ɗan bai taɓa barin sheƙa ba, bayan abin da ya gada a ƙwai duk abin da ke jininsa daga farautar kewayen nan ya fito. Ba sai an kashe shi ba. Ɗan jini kaɗan, gashi biyu ko uku, da ƙwan da ya ƙi ƙyanƙyashewa, sun wadatar, a sa masa zobe a ƙafa a mayar da shi. Jihar Mishigan ta daɗe tana yin haka da 'ya'yan mikiya, ƙasashen Tekun Baltik kuma sun ɗauki yawan 'ya'yan da mikiya ke fitarwa a matsayin ma'aunin lafiyar tekun a hukumance. Hanya ce da aka gwada ta yi.

Kada wani ya ce muna ta tsuntsu mutane na fama. Sinadaran da ake samu a gwaiduwar ƙwan mikiya su ne kuke samu a nonon uwa a binciken da ku kanku kuke yi, kuma jariri a ciki ko a goye yana cikin irin yanayin ɗan tsuntsun nan, jiki na ginuwa, hanta ba ta nuna ba. Bambancin shi ne tsuntsu na nuna alama cikin mako 6, mutum sai bayan shekaru. A Indiya, da ungulaye suka ƙare mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan sake suka yawaita, wani bincike na masana tattalin arziki da ya fito a 2024 ya ƙiyasta ƙarin mutuwar mutane kusan 500,000 tsakanin 2000 da 2005. Ko ba don wannan ba ma, halittun Allah ne da aka ba mu amanarsu, ba su nemi soson kujera ko kumfar gobara ba, kuma ba su da wakili a zaurenku.

Don haka, ranku ya daɗe, idan kun zauna taronku na gaba, ku shigar da jini da gashi da ƙwan tsuntsaye masu farauta cikin abubuwan da ake aunawa a kowane yanki na duniya, ku kuma nemi Asusun Muhalli na Duniya, wanda shi ke ɗaukar nauyin ayyukan yarjejeniyar, ya biya kuɗin horar da ma'aikata da kafa ɗakunan gwaji a ƙasashen da ba su da su, kada abin ya tsaya a inda dama ake yi. Ku umarci kwamitinku na duba sinadarai ya riƙa ɗaukar dangi guda gaba ɗaya, musamman PFAS, yadda sauya suna ba zai zama mafaka ba. Idan kun koma gida, ku matsa wa hukumominku kada su ba sabon maganin ƙwari ko na ɓera ko na dabbobi lasisi sai an nuna abin da yake yi wa ƙwai da ɗan da ke girma, kuma mai son sayarwa shi zai kawo hujjar da kuɗinsa. Wa'adin PCB na 2028 kuwa, muna roƙon kowace ƙasa ta fito fili ta faɗi tan nawa ya rage mata da ranar da za ta gama.

Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Wani mai bibiyar al'amuran tsuntsaye da muhalli